Tarihin Ma'adinin Bajamushe da Ya Ɓace a Duwatsun Arizona

A kudu maso yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Arizona, tafiyar kamar mil 40 gabas da birnin Phoenix, akwai waɗansu duwatsu jajaye masu kwazazzabai da ƙayoyi, waɗanda Turawan da suka fara noma a gindinsu suka raɗa wa suna Superstition saboda tsoron da suka ga ƙabilar Pima na yi musu. Wuri ne da ruwa ya yi ƙaranci, zafinsa da bazara yakan haura digiri 43, kuma a tsakiyarsa akwai wani tsauni siriri da ya miƙe sama shi kaɗai, ana ce da shi Weaver's Needle, wanda matafiyi kan hango tun daga nesa. Yau fiye da shekara 130 ke nan mutane suna shiga waɗannan duwatsu da jakuna da tasoshin ruwa da taswirori, suna neman wani ramin zinariya da aka ce wani tsoho Bajamushe mai suna Jacob Waltz ya sani, ya kuma mutu bai nuna wa kowa ba. Waɗansu sun komo da talauci, waɗansu an ɗauko gawarsu, kuma har ya zuwa yanzu babu wanda ya fito da zinariyar ya ajiye a gaban shaidu. Tun da yake labari ne da ake karɓa baki da baki, ya cancanci a ɗora shi bisa mizanin da malaman Hadisi suka gadar mana, watau a dubi isnadinsa, a san wa ya ji daga wa, kafin a waiwayi abin da matanin ya ƙunsa.

Sai dai kafin a kai ga Bajamushen, wajibi ne a san irin ƙasar da labarin ya tsiro a cikinta, domin kwaɗayin dukiyar ɓoye ya riga shi isa can da shekara ɗari uku da 'yan kai. A shekarar 1539 wani baƙar fata mutumin Azammur ta ƙasar Maroko, wanda Sifaniyawa suka bautar suka kira Estevanico, ya yi wa wani limamin Kirista mai suna Marcos de Niza jagora daga Meziko zuwa arewa, neman birane bakwai da aka ce an gina su da zinariya. Shi ya riga kowa isa garin ƙabilar Zuni, can aka kashe shi. Shi kuwa limamin, da ya hango garin daga nesa, ya juya ya kai rahoton da ya tayar da hankalin mahukunta, har aka tara runduna ƙarƙashin Francisco Vázquez de Coronado a 1540. Rundunar ta tarar da gidajen dutse da laka da rumbunan masara, ta ci gaba da yawo har filayen Kansas, ta komo a 1542 hannu rabbana. Da a ce abin da ya faru ke nan kullum, da watakila mutane sun haƙura. Amma a 1736 wani mutumin ƙabilar Yaqui mai suna Antonio Siraumea ya tsinci faya-fayen azurfa tsantsa kwance a bisa ƙasa kusa da wani ƙauye da ake kira Arizona, daf da iyakar Meziko da Amurka ta yau, ɗaya daga cikinsu har ya haura tan guda a nauyi. Kwamandan yankin, Juan Bautista de Anza, ya sa hannu ya tsare azurfar, aka shiga shari'a mai tsawo a kan mas'ala guda: shin wannan taska ce da wani ya binne, ko kuwa ma'adini ne da Allah ya halitta a wurin, domin rabon sarkin Sifaniya ya bambanta a kowane hali. Mai karatun fiƙihu zai yi murmushi a nan, don kuwa bambancin rikazi da ma'adini ne malaman Malikiyya suka daɗe da warwarewa, inda suka ɗora humusi a kan na farko da zakka a kan na biyu, suka kuma riskar da curin da aka samu tsantsa ba tare da wahala ba da hukuncin rikazi. Azurfar ta ƙare cikin ɗan lokaci, amma ta bar wa mutanen ƙasar hujjar da ba ta ƙarewa, cewa abin ya taɓa faruwa, saboda haka yana iya sake faruwa.

Da sarki Carlos na Uku ya kori limaman ɗariƙar Jesuit daga dukan mulkinsa a 1767, sai aka ƙara wa tukunyar wani sinadari, aka ce ai sun toshe ramukan azurfarsu sun binne kayan coci kafin su tafi. Daga nan ne labarin ma'adinin Tayopa na duwatsun Sierra Madre ya samu ƙarfi, ko da yake dokokin ɗariƙar sun hana limamanta haƙar ma'adini. Sa'an nan a 1848 yaƙin Amurka da Meziko ya ƙare, ƙasar da ke arewa da kogin Gila ta koma hannun Amurka, kuma a shekarar nan aka ga zinariya a Kalifoniya, duniya ta ɗunguma. Da ta Kalifoniya ta fara ja baya, mahaƙa suka fantsama cikin Arizona, inda wani Bajamushe dabam, Henry Wickenburg, ya gano ma'adinin Vulture a 1863, wanda ya ba da zinariya mai yawa har zuwa 1942.

Cikin wannan ayari Jacob Waltz ya zo. Abin da takardun hukuma suka tabbatar game da shi kaɗan ne, amma ingantacce ne: an haife shi wajen 1810 a ƙasar Württemberg ta Jamus, ya ƙaura Amurka, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a Los Angeles a 1861, ya shigo Arizona bayan shekara biyu, ya yi rajistar wuraren haƙa a duwatsun da ke kusa da Prescott, sa'an nan a 1868 ya kama gona mai eka 160 a bakin kogin Salt, inda birnin Phoenix ke tasowa, ya zauna yana noma da kiwon kaji. Babu wata takarda da ta nuna ya taɓa yin rajistar ma'adini a duwatsun Superstition, kuma maƙwabtansa ba su san shi da gida mai kyau ko sutura ta alfarma ba. Wannan shi ne tsaikon farko da mai hankali zai yi, domin mutumin da ya mallaki ramin da ake yankan zinariya da wuƙa, kamar yadda masu ruwaya ke faɗi, abin mamaki ne a ce ya yi shekara ashirin da 'yan kai cikin ɗakin laka yana sayar da ƙwai. Masu imani da labarin sukan amsa da cewa tsoron 'yan fashi da na ƙabilar Apache ne ya sa shi ɓoye arzikinsa, kuma ba za a ce amsar ba ta da kan gado ba, tun da yake yaƙi da Apache bai kwanta ba sai da jagoransu Geronimo ya miƙa wuya a 1886.

A watan Fabrairu na 1891 kogin Salt ya yi ambaliya irin wadda mutanen Phoenix ba su taɓa gani ba, ta cinye gonar tsohon, shi kuma sanyi ya kama shi a ƙirji. Wata mace mai gidan burodi da kayan zaƙi, Julia Thomas, ta ɗauke shi zuwa gidanta ta yi jinyarsa wata takwas, har ya cika ranar 25 ga Oktoba, 1891. Duk abin da duniya ta sani game da ma'adinin daga wannan ɗaki ya fito, kuma ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce Julia Thomas da wani saurayi Bajamushe mai taya ta aiki, Rhinehart Petrasch, waɗanda suka ce tsohon ya yi ta kwatanta musu wurin a lokacin jinya. Ta biyu ita ce wani mai suna Dick Holmes, wanda ya ce yana gefen gadon a daren rasuwar, tsohon ya yi masa wasiyya, ya kuma ba shi akwatin kyandir cike da duwatsu masu zinariya da ke ƙarƙashin gado. Ɓangarorin nan biyu ba su ga maciji da juna, kowanne yana tuhumar ɗan'uwansa, kuma kwatancen da suka ruwaito ya saɓa. Ga isnadin ke nan gaba ɗayansa: tsoho ɗan shekara tamanin a kan gadon ajali, da masu ruwaya biyu masu husuma, kowannensu yana da maslaha a cikin abin da yake ruwaitowa. Da wani ɗalibi ya kawo irin wannan a zauren malami, da ba a bari ya kai ƙarshen jimla ba.

Duk da haka adalci ya hukunta a faɗi abin da ke ƙarfafa ɓangarensu, watau cewa Julia Thomas ta gaskata abin da ta ji, har ta sayar da sana'arta, ta ɗauki Rhinehart da ɗan'uwansa Hermann suka shiga duwatsun a tsakiyar zafin 1892, abin da jaridun Arizona na lokacin suka buga. Maƙaryaci ba ya sayar da shagonsa don bin ƙaryar da shi ya ƙaga. Sun yi makonni suna yawo, suka komo ba ko anini, kuma daga nan matar, da talauci ya ci ƙarfinta, ta shiga zana taswirori tana sayar wa masu sha'awa. A ganina wannan ita ce ranar da aka haifi ma'adinin na haƙiƙa, domin daga ranar ya zama abin da ke kawo kuɗi ba tare da an haƙa ko taƙi ɗaya ba, matuƙar dai ba a gano shi ba. Su kuwa duwatsun da ke cikin akwatin, babu mai musun cewa an gan su, har an yi 'yan kayan ado da waɗansu. Inda aka yi saɓani shi ne asalinsu. Waɗansu sun ce guzuri ne da tsohon ya tara tun zamanin da yake haƙa a wajen Prescott, waɗansu suka ce irin duwatsun da ma'aikatan Vulture kan sato su sayar a ɓoye ne, don wannan sata ta yi yawa a can ƙwarai.

Wani abin dariya da ban takaici shi ne, ba da daɗewa ba bayan wahalar da Julia Thomas ta sha cikin kwazazzabai, waɗansu mahaƙa suka ci karo da zinariya ta gaske a filin da ke gindin duwatsun ta yamma, kusan a kan hanyar da ta bi. Nan da nan garin Goldfield ya tashi a 1893, ya yi kamar shekara biyar yana ci, sa'an nan ya mutu. Masana ilmin ƙasa sun bayyana dalili: duwatsun Superstition kansu toka ce da narkakken dutse da aman wuta ya tara shekaru miliyoyi da suka shuɗe, kuma irin wannan dutse ba a cika samun jijiyar zinariya a cikinsa ba, sai dai a gefensa inda tsohon dutse ya tsage. Saboda haka mai yiwuwa ne, in har tsohon ya san wani wuri, ya zama wurin da aka riga aka gano aka haƙe tun 1893 da wani suna dabam. Amma wannan bayani bai taɓa samun kasuwa ba, don ba ya bar wa kowa abin nema.

Daga nan aikin ya koma hannun marubuta. A watan Janairu na 1895 wani ɗan jarida mai suna P. C. Bicknell ya buga labarin a jaridar San Francisco Chronicle, ya ba da alamomi, ya ce ramin yana cikin da'irar 'yan mil kaɗan daga Weaver's Needle. Kuma a hankali aka ɗinka wa labarin riga ta asali, aka ce wani gidan attajiran Meziko mai suna Peralta ne ya fara haƙar wurin, Apache suka far wa ayarinsu suka karkashe su wajen 1848, wanda ya tsira daga zuriyarsu ya ba Waltz taswira don ya cece shi a wata rigima. Sunan Peralta suna ne na gaske a tarihin yankin, don Pedro de Peralta shi ne gwamnan da ya kafa Santa Fe a 1610, amma babu wata takarda da ta nuna wani Peralta ya yi haƙa a Superstition. Abin da ya cika kunnuwan mutanen Arizona da sunan a wancan zamani shi ne wata gagarumar damfara: wani James Addison Reavis ya ƙirƙiro wani basarake Don Miguel de Peralta, ya cusa takardun jabu a ma'ajiyar tarihi ta Meziko da Sifaniya, ya yi da'awar cewa sarkin Sifaniya ya ba wannan gida ƙasa mai faɗin eka miliyan 12, ciki har da Phoenix da duwatsun nan, ya yi shekaru yana karɓar kuɗi daga kamfanonin jirgin ƙasa da na ma'adinai da talakawan manoma, kafin kotu ta tona asirinsa a 1895, a ɗaure shi a 1896. Ashe ke nan a shekarar da aka rushe Peralta na jabu a gaban alƙali, a ita ce labarin ma'adinin ya fara yaɗuwa a jarida, sunan kuwa ya samu sabon gida.

Watakila da labarin ya tsufa ya mutu kamar ɗaruruwan irinsa, irin su ramin Adams na New Mexico da na Pegleg Smith na hamadar Kalifoniya, ba don abin da ya auku a 1931 ba. Wani dattijo ma'aikacin gwamnati daga Washinton, Adolph Ruth, wanda ɗansa ya samo waɗansu tsofaffin taswirori a Meziko, shi dattijon kuma ya riga ya karya ƙafa a wani neman ma'adini a Kalifoniya har aka sa masa ƙarfe, ya iso a watan Yuni, lokacin da zafi ya fi tsanani, yana dogara sanda. Mai garken shanun da ya sauka a wurinsa, Tex Barkley, ya gargaɗe shi, bai ji ba. Aka raka shi ciki aka kafa masa tanti, aka bar shi shi kaɗai. Ba a sake ganinsa da rai ba. A watan Disamba aka tsinci ƙoƙon kansa da huda biyu, aka aika wa Aleš Hrdlička, masanin ƙasusuwan ɗan Adam na cibiyar Smithsonian, wanda ya ce hudar ta yi kama da ta harsashi. A Janairun 1932 aka samu sauran ƙasusuwan can nesa da inda kan yake, da ƙarfen ƙafarsa, da bindigarsa cike da harsashi ba a harba ko ɗaya ba, da kuma wata takarda da ya rubuta kwatancen wurin, ya rufe da kalmomin nan uku na Latin da ake jingina wa Kaisar Yuliyas na cewa ya zo, ya gani, ya yi rinjaye. Hukumar Arizona ba ta buɗe binciken kisan kai ba, ta karkata ga cewa ƙishirwa ko ciwo ne ya kashe shi, namun daji suka ɗauke kan. Iyalinsa kuwa ba su yarda ba. Jaridun Amurka kaf suka ɗauka, kuma lokacin ya dace da matsin tattalin arzikin da ya jefa miliyoyin mutane cikin rashin aiki, ga shi a 1934 gwamnati ta ɗaga farashin zinariya daga dala 20.67 zuwa dala 35 kowane oza. Mutumin da ba shi da aiki, ya karanta cewa an kashe wani saboda taswira, abin da zai fahimta shi ne taswirar gaskiya ce, in ba haka ba me zai sa a yi kisa a kanta.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Barry Storm ya wallafa littafinsa Thunder Gods Gold a 1945, aka yi fim da shi a 1949 mai suna Lust for Gold, Sims Ely ya fitar da nasa a 1953, kowane littafi yana ƙara alamomin da na gabansa bai sani ba, har ya zama ruwayar tana ƙara tsawo da cikar bayani gwargwadon nisanta daga mai ita, alhali ruwaya ingantacciya raguwa take yi da tafiyar zamani. Aka fito da waɗansu allunan dutse masu zanen doki da zuciya da wuƙa, aka ce an tsince su a gefen hanya a 1949, mujallar Life ta buga hotonsu a 1964. Masanin tarihin mishan-mishan na yankin, Charles Polzer, wanda shi kansa limamin Jesuit ne, ya ce aikin zamani ne, Sifaniyancin da ke jikinsu ma gurɓatacce ne, amma har gobe akwai masu auna tsaunuka da su. A ƙarshen shekarun 1950 ƙungiyoyi biyu masu gaba suka kafa sansani a gindin Weaver's Needle ɗauke da bindigogi, har aka zubar da jini a 1959, a kan ramin da babu ɗayansu da ya taɓa gani.

Jihar Arizona ta buɗe wurin shaƙatawa a gindin duwatsun a 1977 ta sa masa suna Lost Dutchman, sunan da ake kiran ma'adinin da shi a Turance, garin Apache Junction kuma yana bikin tunawa da Bajamushen kowace shekara, ga gidan tarihi, ga masu sayar da littattafai da taswirori, har kangon Goldfield an sake gina shi don masu yawon buɗe ido. Su kuwa duwatsun, suna cikin dajin da dokar 1964 ta keɓe, wadda ta rufe ƙofar yin sabuwar rajistar ma'adini daga farkon 1984, ta yadda ko da wani ya yi sa'a ya faɗa cikin ramin a yau, ba shi da ikon haƙarsa. Wannan bai hana shiga ba: a ƙarshen 2009 wani ma'aikacin otal daga Colorado, wanda ya tara littattafai da taswirori masu yawa a kan ma'adinin, ya shiga shi kaɗai, ba a ga gawarsa ba sai a 2012 cikin wata tsagar dutse, a watan Yulin 2010 kuma waɗansu mutum uku daga Utah suka shiga da tsakar zafi, aka samo ƙasusuwansu a farkon shekarar da ta biyo.